*KOMAWA DOGUWAR TAFIYAR ƘASA BAYAN TARGAƊE KO KARAYA*



A yankinmu na Runka ƙafa ita ce jari. Da ita ake zuwa gona mai nisa, ake kai kaya kasuwa Batsari ko Safana, da ita makiyayi ke bin shanunsa in rani ya kama. Shi ya sa wanda ya yi targaɗe ko ya karye a hanya, da ya ji ciwon ya lafa sai ya ɗauki sanda ya ce bari in ƙarasa tafiyata. Ɗan uwa, tsaya tukuna. Zafi yana rigan rauni tafiya, wato ciwo kan daina alhali jijiya ba ta gama haɗewa ba.

*Kwana nawa ake jira?*

Ƙaramin targaɗen idon sawu kan ɗauki sati 1 zuwa 3. Wanda jijiya ta yage sosai, sati 6 zuwa 12. Karaya kuwa ba ta kasa sati 6 ga babba, ta ƙashin ƙwauri ma takan kai wata 3 zuwa 6. Idan tun farko ba ka iya taka ƙafar taku huɗu, ko zafin a kan ƙashi yake, je babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma a duba ka, a tura ka hoton ƙashi. Ko mai ɗori ne ya ɗora ka, hoton ne zai nuna ko ƙashin ya zauna daidai. In ya kama karkace, sai asibitin ƙashi irin na Dala a Kano.

*Gwada ƙafar a gida kafin hanya ta gwada ta*

1. Tsaya a kan ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30 ba ka dafa bango ba.
2. Yi ɗage a kanta, ka ɗaga dunduniya ka sauke sau 15.
3. Yi tafiyar minti 30 ba ɗingishi, washegari kuma ba kumburi.

In ka kasa ɗaya daga ciki, da saura. Ka riƙa yin na 1 da na 2 safe da yamma. Dalili kuwa, targaɗe yana raunana jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka, shi ya sa wanda ya taɓa yi yake yawan sakewa a wuri guda.

*Yadda za ka koma hanya*

Fara da ƙasa mai shimfiɗe, ba kaya a ka. Yashin rafi da kan duwatsu su zo daga baya. Kowane sati ka ƙara nisa kaɗan, kamar kashi 1 cikin 10. Ranar tafiyar, ka raba ta zango-zango, ka tashi da sanyin asuba, ka riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Sa takalmi mai kama dunduniya, silifas ba na wannan aikin ba ne. Kuma don Allah kar ka sha tramadol ko diclofenac don ka iya tafiya. Zafin ne ƙararrawarka, in ka kashe shi sai ka yi ta ɓarna ba ka sani ba.

*Abin da ke taimakawa*

Nono, miyar kuka, zogale, riɗi, wake da ƙananan kifi suna gina ƙashi. Taba sigari kuwa tana jinkirta haɗewarsa. Bayan kumburi ya saɓe, ana iya mulke wurin a hankali da man zaitun ko man habbatus sauda, amma ban da kan buɗaɗɗen rauni. Ya zo a ruwayar Abu Dawud cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a bayan ƙafarsa saboda ciwo. Sai dai ƙaho ba ya haɗa ƙashi, kuma mai ciwon suga ya nisanci tsaga a ƙafa.

*Ka dakata nan take idan:* sha-raɓarka ta kumbura ta yi zafi, ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu, ko zafi ya tsaya a wuri ɗaya kan ƙashi yana ƙaruwa da kowane taku.

Wanda ya yi alwashin sai ya ƙarasa da ƙafa, ya tuna 'yar uwar Uƙbatu bin Amir da ta yi bakancen zuwa Ɗakin Allah a ƙasa, Annabi (SAW) ya umarce ta ta yi tafiya, ta kuma hau abin hawa. Bukhari da Muslim sun kawo shi. Haka maniyyata, sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, a fara motsa ƙafa tun daga gida. In ka samu mashin ko amalanke a rabin hanya, hau abinka, ba gazawa ba ce.

A tura wa wanda ke jinyar ƙafa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hanyoyinmu. Amin.