Mu duba idon bisashenmu tun da safe

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akuya ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo. Sau da yawa sai ido ya yi fari muke farga, alhali ciwon ya kwana biyar ko shida yana ci.

Yakan fara da hawaye. Dabba ta riƙa runtse ido, tana gudun rana. Gashin kumatunta ya jiƙe, ƙudaje su taru a kai. Ƙudajen nan su ke ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan dabba zuwa waccan, shi ya sa ciwon ya fi yawa da damana. Da rani kuwa, ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya ke shiga ido su yi masa rauni. In an bar shi, hakiya ta fito. Wani lokaci idon ya fashe. Ragon da aka yi wata huɗu ana turkarsa don layya, in ya makance sai ya bar cin abinci, ya rame, kuɗinsa ya faɗi.

Da mun ga hawaye, mu ware dabbar, mu ɗaure ta a inuwa. Mu tafasa ruwa rabin lita, mu zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, mu bari ya huce. Mu wanke idon da ƙyalle mai tsabta, safe da yamma, kuma mu wanke hannuwanmu. Akwai masu barbaɗa garin taba, ko toka, ko baƙin garin batir. Wannan ƙona ido yake yi, ya mai da ƙaramin rauni babba. In kwana biyu suka wuce babu sauƙi, ko an ga fari a ido, sai a nemi likitan dabbobi. Shi ke da man shafawa da allurar da suka dace.

Amma akwai kwantsar da ta wuce ciwon ido. In akuya ko tunkiya tana kwantsa da majina, ga zazzaɓi, ga gyambo a baki, ga zawo, to, mai yiwuwa annobar nan ce da likitoci ke kira PPR. Tana iya share garke cikin ƴan kwanaki. A gaya wa ma'aikatan kiwo a ranar, kada a kai dabbar kasuwa ko rijiya. A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawarin kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Allurar rigakafi guda tana tsare dabba shekara 3 ko fiye.