Gireba: Sana'ar Mai da Wuta a Gidajen Gwarzo da Kabo

A ƙasar Kano, idan an sauke gara a gidan ango, buhunan shinkafa da jarkokin mai akan jingine su a gefe, don kowa ya san kuɗi ne ya sayo su. Inda mata ke yin dandazo shi ne wajen kayan zaƙi: alkaki, nakiya, dubulan, cincin da gireba. A nan ake buɗe murfi, a ɗanɗana, a kalli juna. A cikinsu kuwa gireba ce ba ta da wurin ɓuya. Alkaki yana da ruwan sukari ko zuma da zai rufa masa asiri, cincin ko ya ɗan yi tauri haƙori zai ji da shi. Ita gireba fulawa ce da sukari da mai, sai wuta. In man ya gaza ko wutar ta yi yawa, gutsure ɗaya ya isa a gane.

Wannan sana'a ce ta cikin gida, kuma tana da masu ita a garuruwan yammacin Kano, a kan titin da ya fita daga Kabuga, ya bi ta Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya kai Gwarzo mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni, sannan ya zarce Dayi ta Jihar Katsina. Ba za ka ga allon talla a ƙofar gidajensu ba. Amma daga Garo har Getso, da biki ya matso, uwar amarya ta san gidan da za ta aika, kuma ta san tun da wuri ake kama layi.

Daga ina ta zo

Gireba tana da dangi a nesa. A Masar da Sudan da Libiya da ƙasashen Sham ana yin irinta, fara tas, da soyayyen man shanu da garin sukari da fulawa, a dasa mata kanumfari ko wani ɗan itace a tsakiya, a fito da ita ranar ƙaramar Sallah. Kano kuwa ta shafe ƙarnoni tana fatauci da Gadamas da Tarabulus ta hanyar hamada, kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851 ya tarar da fataken Larabawa zaune a ciki da gidajensu. A wancan zamani abincin alkama na birni ne da gidajen masu hali. Mutanen karkara gero da dawa suka sani.

Injin niƙa ne ya sauya lamarin. Tun daga shekarun 1970, da kamfanin Northern Nigeria Flour Mills ya kafu a Bompai, farar fulawa ta zama abin da ake aunawa a kwano a kowace kasuwa. Abin da a da sai matan cikin ganuwa ke iyawa ya bi amare da 'yan makarantar kwana ya shiga garuruwa. Haka gireba ta sami gindin zama a gidajen da iyayensu mata nakiya da alkaki kawai suka gada.

Yadda ake haɗa ta

Aikin yakan fara da rariya. A tankaɗe fulawa a babbar roba, a daka sukari a turmi ko a kai shi inji har ya zama gari, domin sukari mai tsakuwa ba ya narkewa a ƙullun da babu ruwa a cikinsa. Sai a zuba mai kaɗan-kaɗan, ana murzawa da tafin hannu. Ba a kwaɓa gireba yadda ake kwaɓa burodi, murza ta ake yi har kowace ƙwayar fulawa ta sha mai. Gwajin da gwanaye ke yi shi ne su damƙi ƙullun a hannu su saki. In ya tsaya a dunƙule da shatin yatsu a jikinsa, ya yi. In ya wargaje, da sauran mai. In ya bar naso yana ƙyalli a tafi, an zarce, sai a ƙara fulawa.

Akwai dalilin da ya sa ake gudun ruwa. Fulawar alkama tana da wani danƙo da ba ya tashi sai ta haɗu da ruwa an kuma sarrafa ta, shi ne ke ba burodi da gurasa jan da suke da shi. Mai yana lulluɓe fulawar ya hana danƙon nan tashi, shi ya sa gireba ta ƙwarai ke marmashewa ta narke a baki. Wadda ta yayyafa ruwa da yawa don ta rage kashe mai, abin da za ta fitar daga wuta tauri zai yi, kuma mai saye zai ji a haƙorinsa.

Daga nan sai a ɗauko ƙaramin ludayi, a barbaɗa riɗi a gindinsa, a cika shi da ƙullu, a danna da babban yatsa har ya kama jikinsa, a kife a kan tire a ɗan buga. Sai ga ta ta fito a mulmule, riɗin yana sama. Yarinyar da ke koyo a nan take fara aiki, tana jera su layi-layi, uwar ɗakinta na duba ko girmansu ya zo ɗaya, domin in wata ta fi wata, ƙaramar za ta ƙone kafin babbar ta gasu.

Maganar mai

Tambayar farko da ake yi wa mai oda ita ce, "Hajiya, kwano nawa za a yi?" Ta biyu kuma, "Da wane mai?" A nan kuɗin aiki ke rabuwa. Ta man gyaɗa ita ce ta yau da kullum, wadda ake samu a kwalabe a kan teburan masu shago. Ta bota, wato irin su Simas da Blue Band waɗanda a gaskiya daga man tsirrai ake yin su, ta fi ta laushi da ƙamshi. Sai ta man shanu, wadda ita ce ta asali, kuma ita ake yi wa gidan da ake jin nauyinsa.

A nan ne matan Gwarzo da Kabo suka fi na birni sa'a. Rugagen Fulani suna kewaye da su, masu tallar nono suna shigowa gari da ƙwarya, kuma a kasuwanni irin ta Getso ana samun ɗanyen man shanu daga hannun wadda ta kaɗa shi. Da damina, lokacin da shanu suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa, man yakan yi yawa ya yi sauƙi, da rani ya yi wuya. Mai dabara da damina take saye ta adana. Sai dai ba a zuba shi ɗanye, don yana da ƙarni da tsamin nono. Wanke shi ake yi, a ɗora a wuta marar ƙarfi har ruwansa ya ƙone, kumfar ta kwanta, a tace. Kuma ba a sa masa albasa kamar wanda za a zuba a tuwo, in ba haka ba ƙamshin miya zai bi girebar har gidan biki.

Akwai lissafin da ya kamata mai sana'a ta riƙe. Botar madara ta kanti kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran yawanci ruwa ne. Soyayyen man shanu kuwa kusan duka mai ne. Don haka wadda ta ga an auna bota a wani girki, ta ce za ta maye da man shanu, sai ta rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, in ba haka ba girebar za ta baje a tire.

Wuta ita ce makaranta

Haɗin ƙullu ana koyonsa a yini ɗaya. Wuta ce ke cin shekaru. Gireba ba ta son zafi mai ƙarfi. A obin mai ma'auni, tsakanin digiri 160 zuwa 170 ya ishe ta, na minti 15 zuwa 20, gwargwadon girmanta. Amma a garin da lantarki ba shi da tabbas, gas kuma ya yi tsada, yawancin gashi da gawayi ake yi. Wasu suna da akwatin ƙarfe da mai walda ya ƙera, mai gurbin garwashi a sama da ƙasa. Wasu babbar tukunya suke zuba wa yashi, su ɗora tire a ciki, su rufe, su ɗibi garwashi su zuba a kan murfi. Masu babban aiki kuma sukan kai tirarrukansu gidan burodi, su jira a kwashe burodin zafin ya sauka.

A irin wannan gashi, hannu da hanci su ne ma'auni. Gwana takan kai bayan hannunta bakin obin ta ji zafin, ko ta barbaɗa 'yar fulawa a tire ta ga saurin da za ta yi ja. In ta ji ƙamshin riɗi ya fara tashi, ta san lokacin leƙawa ya yi. Abin da ake nema shi ne saman ya tsaya fari, gindin ya ɗan yi ruwan zuma. Kuma ba a taɓa ta da zafinta, domin a lokacin tana da rauni, tana iya rugurgujewa a hannu. Sai ta huce take kama jikinta. Maganar da mai koyo ta fi ji daga bakin uwar ɗakinta ita ce, "Ke, rage wutar nan, ba a yi mata gaggawa."

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu mai yana daskarewa, ƙullu ya yi biyayya, gireba ta daɗe da gardinta. Da bazara bota tana narkewa tun kafin a gama murzawa, shi ya sa ake yin aikin da asuba. Da damina kuwa danshi ne abokin gaba, sai an rufe ta ruf a bokiti mai murfi.

Abin da allon talabijin da na waya suka kawo

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirin girkinta na Akushi Da Rufi ya shiga ɗakunan mata da harshen da suke ji. Wayar hannu ta zo ta ƙara, ta YouTube da TikTok da WhatsApp. Har gasar gashin nan ta Birtaniya da BBC ta fara a 2010 ana ganin guntayenta a waya. 'Yan mata suka ga biskit ɗin bota na mutanen Sikotilan, wanda ma'auninsa na gargajiya awo ɗaya ne na sukari, biyu na bota, uku na fulawa, suka ga ashe ɗan'uwan gireba ne. Suka fara sa madarar gari da kwakwa da filebo, suna yanka ƙullu da ƙarafuna masu siffar tauraro da zuciya, suna shirya shi a robobi masu haske.

Babban amfanin da aka samu shi ne awo. Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya san kima shekaru ne suka koya masa. Ƙaramin sikeli da kofin awo suna ba mai koyo damar fitar da abu iri ɗaya yau da gobe, kuma mai saye abin da ya ɗanɗana jiya yake dawowa nema. Abin da allo ba ya iya koyarwa shi ne garwashi. Mai gabatar da shiri maɓalli take murɗawa, ita kuwa yarinyar Kabo gawayi za ta hura. Wadda ta kalli shiri ta raina tsohuwar unguwarsu, za ta ƙona fulawa da yawa kafin ta koma ta gaishe ta.

Riba da nauyinta

Alherin wannan sana'a a fili yake. Ƙosai da awara sai an sayar da su da zafinsu, dole yarinya ta ɗauki talla safe da yamma. Gireba tana yin makonni ba ta lalace ba. Ana iya ajiye ta a shago, a karɓi kuɗi ƙarshen mako, ko a ba direba a tasha ya kai wa mai oda a birni bayan ta turo kuɗi ta waya. Gidan da ya riƙe ta da kyau ba ya bukatar ya hana 'yarsa zuwa aji don talla, kuma wannan kaɗai ya isa a girmama sana'ar.

Nauyinta kuwa tsadar kaya ne. Yawancin alkamar da Najeriya ke niƙawa daga waje ake shigo da ita, duk da noman ranin da ake yi a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya ɗaga farashinta a duniya, cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ƙara dagula lissafi. A watan Fabrairun 2024 sai da mata masu gurasa suka fito zanga-zangar lumana a birnin Kano saboda tsadar fulawa. Mai gireba a Gwarzo tana biyan wannan tsada, ta ƙara da kuɗin motar da ya ɗauko buhun daga Kasuwar Singa. Ga shi kasuwar tata mai lokaci ce: tana cika gab da azumi da lokutan Sallah da bayan kaka, sa'ad da aure ke yawa, sannan ta lafa.

Idan kaya suka yi tsada, jarabawar da ke gaban mai sana'a ita ce ta rage mai ta ƙara ruwa, ko ta sayi man da ba ta san asalinsa ba. Wannan hanya ce ta kashe suna, kuma a garin da kowa ya san kowa, sunan da ya zube a gara ɗaya yana da wuyar kwasuwa. Abin da ya fi shi ne ta rage girma ko ta ƙara kuɗi, ta faɗa wa mai saye gaskiya. Ta rubuta abin da ta kashe a kan kowane kwano, har da gawayi da leda da ladan hannunta, domin da yawa suna juya kuɗi ne suna zaton riba suke ci. Mata uku ko huɗu su haɗa kuɗin adashinsu su sayi buhu mai kilo 50 maimakon awo a kwano. Su ƙulla amana da mai nono guda da za ta riƙa kawo musu man shanu marar haɗi.

Bota kowa yana iya saye a kanti, a Kano ko a Abuja. Man shanun da aka kaɗa a rugar da ke bayan gari, da hannun da ya san wutar gawayi, su ne jarin matan Gwarzo da Kabo, kuma da su ne girebarsu za ta shiga kasuwar birni ta yi farashin kanta.