Bidon ɗin maganin ƙwari ba na ruwa ba ne

Ƴan uwa mata, duk shekara idan noman rani ya kankama, tun daga garaken albasa na Galmi har fadamun Gulbin Maraɗi, ana feshi sosai. Magani ya ƙare, bidon ya rage, kuma hannunmu yake faɗawa. Mun san shi, roba ce mai ƙwari, marfinta na rufuwa ruf. Sai a wanke da sabulu a zuba ruwan sha, ko man gyaɗa na saidawa, ko kunun da yaro zai tafi da shi gona.

To, sabulu ba ya fidda dafin. Roba tana shan magani, daga baya ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin abin da aka zuba, balle ma in mai ne. Rashin wari ba shaida ba ce.

Abin da malaman gona ke koyarwa shi ne ɗauraya sau 3, nan take a gona, tun maganin bai bushe ba. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu na bidon, a rufe, a girgiza kamar daƙiƙa 30, a juye cikin famfon feshi, ruwan ya koma kan shuka. Ban da bakin rijiya, ban da tabkin da dabbobi ke sha. In an gama na ukun, a huda gindinsa da wuƙa. Hudawar nan ita ce ke yi wa mutane ciwo, don ana ganin an yi asarar kaya mai kyau, amma bidon da ba a huda ba sai ya koma kasuwa, wata ta saya ba ta sani ba.

Kada a ƙone shi, hayaƙinsa guba ne, kuma mun sha ganin ana hura murhu da guntun roba. A ranar zubi, ƙungiya za ta iya ware buhu guda da wurin da ke da makulli, nesa da rumbu da yara, ta naɗa mace ɗaya ta riƙa tarawa, sannan a tambayi ma'aikatan gidan gona inda za a kai. Kwalaben piya-piya na cikin ɗaki su ma nan ne wurinsu.

In yaro ya sha daga irin wannan bidon, ya fara amai, zufa, ko yawu na dalala, kar a ba shi nono ko mai, kar a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ruga da shi likita, a tafi da bidon ɗin, don sunan da ke jikinsa ne zai nuna wa ma'aikacin lafiya irin dafin.