Idan rimot ɗin koyarwa ya ƙi haɗuwa da kwamfuta

A garuruwa da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, ana samun azuzuwan yaƙi da jahilci, da tarurrukan mata, da ƙungiyoyin matasa da ke koyarwa da kwamfuta da majigi. Wani ƙaramin abu da ke sauƙaƙa wannan aiki shi ne rimot marar waya. Da shi mai koyarwa zai tsaya cikin jama'a yana juya shafi, ba sai ya manne kusa da tebur ba. Ɗalibai ma suna amfani da irinsa wajen bitar darasi su kaɗai.

Amma akwai ranar da jama'a za su taru, an sayi man janareto, an kunna komai, sai rimot ya ƙi aiki. Nan da nan sai mu ce ya lalace. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga Kebbe kuwa tafiyar ta fi haka, kuma kuɗin mota kaɗai zai iya fin kuɗin rimot ɗin. Sau da yawa abin da ya hana shi aiki ƙarami ne, za mu iya gano shi da kanmu idan muka bi mataki mataki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai cin kuɗi.

Wane iri ne a hannunmu?

Wannan rimot ba kamar na talabijin ba ne. Na talabijin yana aiki da haske, shi ya sa sai an nuna shi saitin akwatin. Na kwamfuta yana aika saƙo ta iska kamar rediyo, kuma iri biyu ne.

- Mai makarɓi. Yana zuwa da wani ɗan ƙaramin abu mai kama da filashi, wanda ake sokawa a ramin USB na kwamfuta. Shi ne ke karɓar saƙon rimot, shi ya sa za mu kira shi makarɓi. Yawanci ana ɓoye shi a gindin rimot ko cikin ɗakin batir.
- Mai Bluetooth. Ba ya bukatar a soka komai, amma dole a gabatar da shi ga kwamfuta sau ɗaya kafin su san juna. Wannan hanya ta fito ne a 1999, kuma an ba ta laƙabin wani sarkin Denmark mai suna Harald, wanda ya haɗa kan jama'ar ƙasarsa a ƙarni na 10.

Wasu rimot suna da hanyoyin biyu, da ɗan makunni a gefe na zaɓar ɗaya. Idan makunnin yana wajen Bluetooth alhali mun soka makarɓi, ba za su ji juna ba. Mu fara duba wannan.

Mu fara da batir

- Mu tabbatar an kunna rimot, kuma an zare ɗan ledar da ke tare batir idan sabo ne.
- Mu duba ko an sa batir daidai, alamar + tana fuskantar inda aka zana ta.
- Mu sa sabon batir. Wanda ya ƙare a tocila ba zai yi a nan ba. Kada a haɗa sabo da tsoho.
- Idan mun ga farin gari ko tsatsa a kan ƙarfen da batir ke taɓawa, batir ya yi yoyo. A goge da auduga mai ɗigon lemun tsami, a bari ya bushe sarai, sannan a wanke hannu.
- Idan mai caji ne, a ba shi caji sosai kafin a gwada. In ɗan fitilarsa bai kama ba, a canza wayar caji da kan caja.

Jan hasken da ake nuna rubutu da shi a bango yana iya fitowa alhali saƙo ba ya isa kwamfuta, domin hanyarsu daban ce. Ganin hasken bai nuna cewa an haɗu ba.

Idan mai makarɓi ne

A zare makarɓin, a mayar, a jira kamar rabin minti kwamfuta ta gane shi. In bai yi ba, a gwada wani rami. Ƙurar hunturu tana cika waɗannan ramuka, saboda haka a kashe kwamfuta a share su da busasshen buroshi mai laushi. Kada a sa allura ko ruwa.

Ramin USB mai launin shuɗi a ciki shi ne mai sauri, wanda ake kira USB 3.0. A 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa na'urar da ke aiki a irin wannan rami tana iya dagula saƙon ƙananan na'urori marasa waya da ke kusa da ita. Idan akwai filashi a ramin da ke maƙwabtaka da makarɓi, a cire shi, ko a mayar da makarɓin ɗaya gefen kwamfutar.

Yawanci kowane rimot da nasa makarɓin tun daga masana'anta. Na wani ba zai yi masa aiki ba, ko da kamarsu ɗaya. Idan muna da rimot biyu, mu sa wa kowane da makarɓinsa alama iri ɗaya da fenti.

Idan mai Bluetooth ne

1. A kashe Bluetooth na dukan wayoyin hannu da aka taɓa haɗa rimot ɗin da su. Rimot yana tuna abokinsa na baya, kuma da zarar an kunna shi zai koma wurinsa. Wayar da ke aljihun wani a cikin taron tana iya riƙe shi ba tare da mai ita ya sani ba.
2. A kwamfuta mai Windows 10 ko 11, a danna maɓallin Windows tare da harafin A. A tabbatar Bluetooth yana kunne, alamar jirgin sama kuma tana kashe.
3. A danne maɓallin haɗawa na rimot na 'yan daƙiƙoƙi, har fitilarsa ta fara ƙyaftawa da sauri. Kunnawa kaɗai bai isa ba. Takardar da ta zo cikin kwali za ta nuna wane maɓalli ne.
4. Tun fitilar tana ƙyaftawa, a buɗe "Settings", a shiga sashen Bluetooth, a zaɓi ƙara sabuwar na'ura, a danna sunan rimot idan ya fito. A riƙe shi kusa da kwamfuta. Idan an nemi lamba, a duba takardar. Sau da yawa 0000 ce ko 1234.
5. Idan sunan yana cikin jerin tun da, amma ba ya aiki, a danna "Remove" a cire shi, a kashe kwamfuta a sake kunnawa, sannan a sake haɗawa daga farko.

Kwamfutoci na hannu da muke saye a kasuwa ba duka ke da Bluetooth ba. Ban da haka, sababbin rimot da yawa suna amfani da irin Bluetooth mai tattalin batir wanda ya fito a 2010, kuma Windows 7 ba ta gane shi da kanta, sai daga Windows 8 zuwa sama. Idan wayar hannu tana ganin rimot amma kwamfuta ba ta ganinsa, matsalar tana wajen kwamfuta. Akwai ɗan Bluetooth na sokawa a ramin USB wanda zai taimaka idan Windows ɗin ba tsohuwa ba ce.

Ya haɗu, amma shafi ba ya juyawa

Kwamfuta tana ɗaukar rimot kamar ƙaramin allon rubutu ne mai maɓallai kaɗan. Saƙonsa yana zuwa ne ga shafin da aka taɓa na ƙarshe. Mu danna kan darasin sau ɗaya, sannan mu sake gwadawa. A PowerPoint, a danna F5 domin nuni ya fara.

Ɗan rimot da ake sayarwa domin ɗaukar hoto da waya yawanci ƙara sauti kawai yake yi, ba zai juya shafi ba. Ɗaliban da ke bita da manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, sukan yi amfani da ƙaramin rimot na wasa. Irin wannan yana da yanayi fiye da ɗaya, kuma sai an sa shi a yanayin allon rubutu, ko an ƙara wa manhajar abin da zai gane shi.

Nisa ma yana da tasiri. Bluetooth na irin waɗannan na'urori yakan kai kimanin mita 10. Katangar ƙasa mai kauri, da ƙofar ƙarfe, da cunkoson jama'a duk suna rage wannan nisa. A ɗora kwamfuta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa.

Rigakafi ya fi magani

A watan Afrilu zafi a yankinmu yakan wuce digiri 40, cikin ɗaki mai rufin kwano ko mota a rufe kuwa ya fi haka. Zafi yana kashe batir da wuri. Mu ajiye rimot a inuwa cikin leda ko gwangwani mai murfi, mu cire batir idan za a yi makonni ba a yi aiki da shi ba. Batirin da ya kumbura a daina yi masa caji.

Mu kiyaye yara. Jan hasken nan yana iya lahanta ido, kada a haska wa kowa a fuska. Ƙaramin batir mai kama da kwabo yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i idan yaro ya haɗiye shi, saboda haka a garzaya da shi asibiti nan take, kada a sa shi amai. Tsofaffin batura kuma kada a jefa su cikin wuta ko kusa da rijiya.

Idan mun sa sabon batir, mun gwada rimot a wata kwamfuta ko waya bai yi ba, to lokacin kai shi wurin mai gyara ya yi. A tafi da rimot da makarɓinsa da kwamfutar tare. Kafin nan darasi ba zai tsaya ba, domin maɓallan kibiya na kwamfuta suna yin aikin da rimot yake yi. Wani ya zauna kusa ya riƙa dannawa idan malam ya ɗaga hannu.

Tambayoyi domin tattaunawa

- Wa ke ajiye kayan koyarwarmu, kuma mutum nawa ne suka san yadda ake haɗa su?
- Muna gwada kayan tun kafin jama'a su taru?
- Waɗanne matasa biyu, mace da namiji, za mu koya wa waɗannan matakai a wannan wata?