Jinya ta hanyar tattaunawa: yadda kakanni mata a Zimbabuwe suke rage wa mutane ciwon damuwa

Mutum ya daina barci, abinci ba ya shiga, zuciya kullum a cunkushe, amma an auna jini a asibiti ba a ga komai ba. A gida sai a ce yawan tunani ne, ya yi haƙuri, wasu kuma su ce iska ce. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma ɗaya daga cikin magungunansa shi ne zama da wanda aka horar a yi magana bisa tsari.

Wannan aiki ne na masanin halayyar ɗan Adam, wanda ake kira psychologue da Faransanci. Sai dai a yawancin ƙasashen Afirka irin waɗannan ƙwararru kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya nemi mafita bayan wata majinyaciyarsa ta kashe kanta a 2005, saboda babu kuɗin motar da za ta kai ta wurinsa a Harare. Ya fara da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare. Aka horar da su, aka ajiye musu bencin katako a harabar ɗakin shan magani, aka sa wa shirin suna Friendship Bench, wato bencin abota. A yaren Shona ana kiran ciwon kufungisisa, ma'ana yawan tunani, kamar dai yadda Bahaushe yake faɗa.

Zaman ya bambanta da hirar ƙofar gida. Ana yin shi har sau 6, kowanne bai kai awa guda ba. Da farko tsohuwar tana saurare, ba ta katse mutum, ba ta yi masa wa'azi. Daga nan sai a jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya: bashi, rikicin aure, rashin aiki, cuta. Mai damuwar da kansa yake zaɓen guda ɗaya da za a fara da ita, shi ne kuma zai kawo hanyoyin warware ta, a tsayar da abin da zai yi kafin zama na gaba. Dalili shi ne damuwa takan haɗa komai wuri guda har mutum ya ga babu mafita. In ya warware abu ɗaya da hannunsa, ƙarfin zuciya yakan fara dawowa.

An gwada shirin a ɗakunan shan magani 24 na Harare da mutane 573, mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon a 2016. Bayan wata 6, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a benci ne suke da sauran alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kusan rabi ne. A wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da wani tsari makamancinsa mai suna PM+, zama 5, domin mutanen da yaƙi, gudun hijira ko talauci ya shafa, wanda ba likita ba ma yana iya bayar da shi idan an horar da shi.

Akwai inda magana kaɗai ba ta isa ba. Wanda yake jin muryoyin da babu su, ko ya fita hayyacinsa, ko yake ambaton kashe kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Su ma kakannin an koya musu su miƙa irin wannan ga ma'aikatan jinya. Wanda kuma likita ya ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya fara tattaunawa. Idan damuwa ta wuce mako 2 tana hana ku aiki ko barci, ku tambayi ma'aikacin lafiya mafi kusa ko akwai mai ba da irin wannan taimako, kuma ku nemi a yi muku da yaren da kuka fi sakewa da shi.