Raspberry Pi: aikin ranar farko kafin a ba ta wuta

Yau za mu yi bayani a kan wata ƙaramar kwamfuta wadda ba ta wuce tafin hannu ba, tsawonta milimita 85, faɗinta milimita 56. Sunanta Raspberry Pi. A birnin Kambirij na ƙasar Ingila aka ƙirƙiro ta, inda wani masani mai suna Eben Upton da abokan aikinsa suka lura cewa ɗalibai masu shigowa jami'a ba su san cikin kwamfuta ba, sai dai su danna. Sai suka yi niyyar ƙera wadda yaro zai iya taɓawa, ko ta lalace uban bai yi babbar asara ba. An fara sayar da ita ranar 29 ga watan Fabrairu 2012 a kan dala 35, dalar Amurka ke nan, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Wanda ya saye ta, in ya buɗe kwali, ba zai tarar da kome ba sai ɗan falle guda kore mai ƙananan ƙarafa a jiki. Babu allon kallo, babu allon haruffa, kuma babu tsarin aiki a cikinta. Dukan abin da take aiki da shi a kan ɗan katin memwar yake zama, irin wanda ake sa wa salula. Saboda haka aikin farko ba a kanta ake yin sa ba, a kan wata kwamfuta ake yi. Tun shekara ta 2020 masu ita suka fito da wata manhaja kyauta mai suna Raspberry Pi Imager. Ita ce ke rubuta tsarin aiki, wato Raspberry Pi OS, a kan katin. A lura, kafin ta rubuta sai ta shafe duk abin da ke cikinsa, don haka kada a ɗauko katin da hotunan biki suke ciki.

To, a nan ne ya kamata mutum ya natsu. Kafin manhajar ta fara rubutu, tana tambayar sunan da za a raɗa wa na'urar, da sunan mai ita, da kalmarsa ta sirri, da sunan wifin gida ko na ma'aikata tare da tasa kalmar. Tana kuma tambayar ƙasa, domin kowace ƙasa da dokarta game da zangon da wifi ke bi, kuma in ba a faɗi ƙasa ba, wifin na iya zama a kulle. Alamar Nijar NE ce, ta Najeriya NG, kada a rikita su. Sai batun allon haruffa. Na'urar ta taso da na Ingila a ranta, alhali kuwa a ma'aikatunmu na Faransanci muke da shi, wanda harafin A yake zaune a mazaunin Q. Wanda ya manta da wannan, zai buga kalmar sirri daidai ta ce masa ba daidai ba, ya yi ta zargin kati ba da laifinsa ba.

Bayan an sa kati sai wuta. Samfurin Pi 4 na 2019 yana bukatar volt 5 da amfiya 3. Pi 5 na 2023 ya fi shi ci, ana so a ba shi amfiya 5. Abin cajin salula na kasuwa sau da yawa ba ya kai wannan ƙarfi, kuma in wuta ta gaza sai na'urar ta riƙa sanɗa ko ta mutu ta sake tashi da kanta.

Haɗa ta da rezo hanya biyu ce. Mafi sauƙi ita ce waya daga akwatin intanet zuwa jikinta, nan take akwatin ya ba ta lamba, wato adireshin IP, yadda ake ba gida lamba a unguwa. Ta biyu wifi, wanda aka fara sa mata a jiki tun samfurin Pi 3 na 2016. Wannan lamba tana iya canjawa, shi ya sa sunan da aka raɗa mata yake da amfani: in sunanta raspberrypi, ana kiranta da raspberrypi.local daga kowace kwamfuta da ke rezo ɗaya da ita. Akwai wata ƙofa da ake kira SSH, ta nan ne mutum ke shiga ya ba ta umurni daga nesa, ba tare da an haɗa mata allon kallo ba sam.

Wannan ƙofa tana da tarihi. A da, kowace Raspberry Pi da suna ɗaya take fitowa, pi, da kalmar sirri ɗaya, raspberry, kuma ƙofar a buɗe. Mutane da yawa ba su canja ba, tamkar a ce dukan gidajen gari da makulli ɗaya. A ƙarshen 2016 aka mayar da ƙofar a rufe sai wanda ya buɗe da kansa. Duk da haka a 2017 an gano wata muguwar manhaja da ke yawo a intanet tana neman waɗanda suka buɗe ƙofar ba su sake kalma ba, tana sa na'urorinsu haƙar kuɗin intanet wa wasu. A watan Afirilu 2022 aka soke wancan suna na kowa da kowa, dole kowa ya zaɓi nasa. Ma'aikacin da zai ajiye takardun hukuma a kanta, ya zaɓi kalma doguwa, ban da sunan ɗansa ko shekarar haihuwarsa.

Saura batun ɗaukewar kuran. Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da agogo mai batir, daga intanet suke tambayar lokaci duk sa'ad da suka tashi, in babu rezo sai kwanan wata ya kauce. Pi 5 ce aka yi wa agogo da wurin sa ƙaramin batir. Haka kuma in wuta ta yanke tana cikin rubutu, katin na iya lalacewa. Don haka ba a fizge mata waya. A ba ta umurnin kashewa, a jira koriyar fitilar nan ta daina ƙyaftawa, sa'an nan a cire. A kuma kwafe katin a kan wani na biyu, a ajiye shi cikin aljihun tebur.