Yafiya Bayan Gobara: Ikilisiyar 'Yan'uwa da Tambayar Ramuwa

A cikin ikilisiyoyin Kirista na arewacin Najeriya, da wuya a sami wadda rikicin Boko Haram ya gwada koyarwarta kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN, domin ɗaya daga cikin yankunan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa, shi ne mahaifarta. An kafa ta a Garkida a shekarar 1923, lokacin da 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya, daga nan ta bazu cikin Bura da Margi da Kamwe da Kibaku, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su a waƙa da wa'azi.

Tushenta yana ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, inda uwar ikilisiyar ta soma a 1708, kuma tana cikin waɗanda ake kira ikilisiyoyin salama, wato masu koyar da cewa mai bin Almasihu ba ya ɗaukar makami don ya kashe, ko da shi aka zalunta. Hujjarsu ita ce Huɗubar Yesu a kan Dutse, wadda ke cikin Bisharar Matiyu sura 5 zuwa 7, inda aka hana ramuwar gayya, aka kuma umarci mai bi ya yi wa maƙiyinsa addu'a. Ana ganin wannan tarbiyya a lokacin jibin Ubangiji, sa'ad da babba yakan durƙusa ya wanke ƙafar ƙarami kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa.

Shekarar 2014 ce ta fitar da koyarwar daga mumbari ta kai ta cikin toka. A daren 14 ga Afrilu mayaƙan Boko Haram suka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, akasarinsu 'ya'yan iyalan EYN, a ƙarshen Oktoba kuma maharan suka mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi, har shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. A irin wannan hali ne wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin matasa Kirista ta ƙara ƙarfi, cewa an mari kunci na farko, an mari na biyu, babu na uku da za a juya. Ba daidai ba ne a ɗauki masu faɗar haka a matsayin marasa bangaskiya, domin da yawa daga cikinsu mutane ne da suka binne iyayensu, suka kuma ga jami'an tsaro ba su iso ba sai bayan wuta ta mutu.

Sai dai gwajin da ya fi tsanani ya zo ne bayan an fara komawa gida, domin yafe wa maƙiyin da ke can cikin dajin Sambisa ya fi sauƙi a kan gaisawa da maƙwabcin da ake zargin shi ya nuna wa maharan gidan mutum, ko wanda aka ga akuyar mutum a garkensa. Kasuwa ɗaya ake ci, rijiya ɗaya ake ɗiba, iyakar gona kuma ba ta gusa ba. A cikin unguwar dai akwai Musulmin da ya ɓoye Kirista a ɗakinsa, akwai kuma wanda shi ma aka kashe masa ɗa, gaskiyar da mai wa'azi nagari ba ya barin masu sauraronsa su manta, tun da Boko Haram ta hallaka Musulmi masu ɗimbin yawa. Amsar da ta fi nauyi a wa'azin wannan ikilisiya ita ce raba yafiya da hukunci: mai bi yana sauke niyyar ramawa da hannunsa, amma hukunta mai laifi nauyi ne da ke wuyan hukuma, kamar yadda Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta bayyana a sura 13. Saboda haka gwauruwar da ta yafe tana da cikakken haƙƙin tambayar dalilin da ya sa shirin gyara halin tubabbun mayaƙa, wanda gwamnati ke gudanarwa a jihar Gombe, yake koya musu sana'a alhali ita tana zaune a kango. Duk wanda ya gaggauta mata da cewa ta manta, ya ɗora mata kaya na biyu a kan na farko.

A aikace, yawancin hidimar kula da waɗanda rikicin ya shafa tana hannun mata da ƙananan fastoci. Zumuntar mata, ƙungiyar da ke haɗa matan kowace majami'a don addu'a da waƙa da taimakon juna, ita ce ke ziyartar masu makoki, ta tara hatsi, ta riƙe marayu, ikilisiyar kuma ta shirya tarukan warkar da raunin zuciya, inda mutum ke samun damar faɗin abin da idonsa ya gani ba tare da an katse shi ba. A Gurku ta jihar Nasarawa, wani ma'aikacin EYN ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira da aka tsara tun farko don Kirista da Musulmi su zauna tare, inda majami'a da masallaci suke cikin gari ɗaya, yaran ɓangarorin biyu kuma suke tashi a wuri guda.